Durgu da Ƙwan Zabi

Kazar farko da na mallaka a duniya kyauta aka ba ni ita, kuma ba ta cika shekara a hannuna ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, amma har yau idan wani ya buɗe baki ya ce mini “ai kaza ce kawai,” sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Ina aji biyar na firamare aka yi wa Baba canjin wurin koyarwa daga Sakkwato zuwa Gummi. Muka ɗora 'yan komatsanmu a bayan babbar mota, muka sauka gidan yayansa, wanda nake kira Baffa. Ya ba mu ɗaki biyu a sashen baya, kafin mu sami namu wurin. Baffa manomi ne, yana da fadamar shinkafa a bakin gulbi, yana da tumaki da kaji, ga kuma garken zabi da ke cika unguwa da surutu. Mu kuwa ba mu san komai game da kiwo ba. A birni gidan haya muka zauna, mai gidan ko kyanwa bai yarda a ajiye ba. Inna 'yar birni ce tun asali. Baba a Gummi aka haife shi, amma tun yana ɗan shekara shida aka tafi da shi karatu, abin da ya sani game da kaza bai wuce na littafin 'yan aji uku ba.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta hayin gulbi. Jininta ya haɗu da na Inna, har ta kai in ta gama talla a ɗakinmu take yin azahar ta miƙe ƙafa. Goggo nake ce mata. Wata rana da bazara ta sauke ƙwaryarta, ta kwance wani ƙunshin zane, sai ga 'yar sagara ja mai gajerun ƙafafu tana ƙifta ido.

“Ta ɗiyarki ta,” in ji ta ga Inna. “Durgu ta, ba ta nisa da gida. A ɗaure mata ƙahwa kwana ukku ta san wuri. Kak ku bari ruwa shi yanke mata. Sauran ita za ta koya maku.”

Durgu ake ce wa irin kajin nan gajeru, mu kuma muka mai da shi sunanta. Koyarwa kuwa ta koya mana, don babu shirmen da ba mu yi ba. Ranar da aka kwance ta na ga ta yi birgima cikin toka, na ɗauko sabulun wankan Inna na wanke ta tas. Ta kama rawar ɗari, ido a rufe, sai da Inna ta naɗe ta a tsumma ta zauna da ita bakin murhu. Daga baya muka gane tokar nan ita ce wankanta. Na yi ta ba ta tuwo har da miya, don a ganina rashin kirki ne a ba baƙo gaya, kafin na koyi tsaki da dussa da ragowar gero na bakin turmi. Baba ya zana akurki a takarda, da ma'auni da komai, ya ɓata Asabar biyu yana gina shi da kara da laka. Durgu ta leƙa sau ɗaya, ta juya ta shige ƙarƙashin gadon Inna, can ta zaɓa.

Ba a daɗe ba ta zama 'yar gida. In na dawo makaranta tun daga zaure take tarona da wannan tafiya tata ta rangaji. In Inna na tsintar shinkafa tana gefen faifai, ba ta sa baki sai an jefa mata. Da la'asar Baba na duba littattafan ɗalibai a tabarma, ita tana kwance a kan ƙafarsa, yana ɓare gyaɗa, ɗaya bakinsa ɗaya nata. Mutanen gidan suka samu abin dariya. Matar Baffa takan leƙo ta ce 'yan birni sun yi sabuwar ɗiya, yaushe ne suna. Baffa kuwa ya ce wa Baba, “Malam, ba a sabo da abin yanka.” A ranar Inna ta sa Baba ya yi alkawari a gabana cewa ko wane irin baƙo ya sauka, ba Durgu ba. Na kwantar da hankalina, don a wautata wuƙar baƙo ce kaɗai abin tsoro.

Da ruwa ya sauka Durgu ta fara ƙwai. Wani fasasshen tulu ta samu a ƙarƙashin rumbu, tsakanin sashenmu da na Baffa, kullum ta ajiye ɗaya ta fito tana shela. Goma sha ɗaya ta yi, farare sumul, na san kowane. Sai ta kwanta a kansu. Goggo ta ce mako uku cif, in shirya tsaki mai laushi. Na samo gawayi na fara jan layi a jikin bangon rumbu, kowace safiya ɗaya.

Ranar layi na biyu Baffa ya kira ni. Ya zauna a kan turmi, ya yi mini magana a hankali, irin ta babba mai son yaro ya ƙaru.

“Ɗiyata, tunda ba ku san kiwo ba, bari in hwaɗa maki. Kaza in ta kwanta ba a ɗaga ta, ba a leƙa ƙarƙashinta. Hannun mutum na da gishiri. Ƙwan da anka taɓa baragurbi shika zama, ruɓewa shikai. Ko ta sauka cin abinci, ki zuba mata nesa, kak ki kusanci tulun. Ni zan dinga diba maki.”

Ya juya bakin tulun ya fuskanci bango, ya jingina guntun zana, wai haske ma ba shi da kyau. Na durƙusa na yi godiya. Wallahi har godiya na yi masa.

Washegari matarsa ta aiko mana da dafaffen ƙwai huɗu a kwano, da ɗan yaji a gefe. A zamanin nan ba a ba yara ƙwai, wai yana koya musu sata, don haka abin ya zo mini kamar salla. Baba ya ce cikinsa ba daɗi, ba zai ci ba. Na cinye nawa, na cinye nasa, na lashe yajin, ina cewa a raina babu mai baffa irin nawa.

Dokar Baffa na riƙe ta, sai sau ɗaya. Ranar layi na biyar zuciya ta ci ni, na zura hannu ta bayan zanar, ban ko leƙa ba, na ji ɗumin cikin Durgu, kan yatsana ya shafi ƙwai ɗaya. Na janye da sauri na gudu. Ban gaya wa kowa ba.

Layi ya kai ashirin da ɗaya. Na daka tsaki, na wanke kasko na zuba ruwa da 'yan duwatsu a ciki kada 'yan tsakin su nutse, kamar yadda Goggo ta koya mini. Shiru. Ashirin da biyu, shiru. Ranar ashirin da uku Baffa ya same mu a tsakar gida, Baba na zaune da rediyonsa, Baffa ya dube ni ya ce, “Hwaɗi gaskiya, kin taɓa?”

Na fashe da kuka na ce sau ɗaya ne, da yatsa ɗaya.

“To kin gani,” in ji shi, yana girgiza kai. “A dai bar ta ta ƙara mako guda, ko Allah zai yi ikonai.”

Baba bai ɗago ba, ya yi ta murɗa rediyo yana neman tasha. Ni kuwa kwana biyar na yi ina ɗauke da alhakin rai goma sha ɗaya. Abinci ya ƙi shiga. A aji aka tambaye ni abin da na sani sarai na kasa amsawa, na sha bulala. Nakan je bayan rumbu in tsuguna nesa da tulun in ce wa Durgu ta yafe mini. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya! Duk wanda ya iya kallon wannan ya yi shiru, ban san sunan da zan kira shi da shi ba.

Ranar layi na ashirin da takwas, da sassafe, na ji ƙaramin kuka daga tulun. Na kwasa da gudu na kira Inna. Muka janye zanar, sai ga 'yan kawuna suna leƙowa ta cikin fukafukan Durgu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa: goma sha huɗu. Ni da na san ƙwai goma sha ɗaya, sai na ɗauka addu'ata ce ta yi yawa har aka yi mini ƙari. Ƙanana ne ƙwarai, da zane-zane a ka, ƙafafunsu jajaye. Inna ta dube su ta ce ita dai ba haka ta san 'yan tsaki ba, amma me ta sani.

Da azahar Goggo ta zo, na ja ta har bakin rumbu ina tsalle. Ta duƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe ta riƙe haɓa.

“Waɗanga ai zabbi na. Wa yas sa mata ƙwan zabbi?”

Ita ta warware mana. Zabuwa ba ta iya reno ba, takan ja 'ya'yanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa su mutu, shi ya sa da damina kowa kaza yake sa wa ƙwanta. Na zabi kuma mako huɗu yake yi, ba uku ba. Wato ranar da Baffa ya tsare ni da tambaya ya san sarai saura kwana biyar. Ni ban ga laifin al'adar ba, ko a lokacin. Kowane gida a Gummi haka ake yi, daga baya ni ma na yi. Amma ana tambayar mai kaza. Kuma ba a ɗora wa yarinya laifin da ba ta yi ba don kawai kada ta leƙa tulu.

Duk da haka da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Durgu ba ta san bambanci ba, ta fito da su tana taƙama, tana tona ƙasa tana kiran su, ni ma har na fara son su. Ko la'asar ba a yi ba Baffa ya zo da kwando ya kwashe su kaf, ya kai wa wata tsohuwar kazarsa mai renon wasu. Durgu ta bi kwandon tana kuka har ƙofar sashensa. Ya kamo ta ya mayar da ita tulun, ya kife ta da wani kwandon. A ƙarƙashinta ya riga ya jera sabon ƙwan zabi goma sha shida. Da yake jikinta bai huce daga kwanci ba, kafin gari ya waye ta lafe a kansu.

Na sami Baba a ɗaki. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba.

“Baba, ka sani?”

Ya cire tabarau ya goge. “Ya hwaɗa mani tun ranar.”

“Kana gani ina kuka?”

“Yayana na. Gidanai muke zaune. Mi kika so in ce mashi?”

“Ka ce a'a!”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na jira marin Inna, don ba ta wasa da irin wannan. Tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ba ta ko juyo ba, sai dai yadda take bugun rariyar ya canza.

Kaza mai kwanci ba ta ci sai kaɗan. Wata guda Durgu ta riga ta yi a haka, ga shi an ƙara mata wani, ita da ko shekara ba ta yi ba. Na daina bin dokar kowa, kullum ina bakin tulun da tsaki a tafin hannu. Na koyi kife tsohuwar tukunya da kashin shanu da kara a kan shuri don in samo mata gara. Takan caka sau biyu ta kau da kai. Tukkunta da yake ja wur ya koɗe, ƙuma ta cika tulun tana shan ɗan jinin da ya rage. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baffa na da kaji nasa. Su sau ɗaya yake sa su kwanci, ya sake su su huta su yi ƙiba, don ya san abin da kwanci biyu ke yi wa kaza. Ta 'yan birnin da ba su san komai ba ce ta dace da a matse.

Inna ta yi wa matar Baffa magana, matar ta ce ita ba ruwanta da sha'anin maigida. Baba ya ce zai yi magana, ya je, suka yi hirar shinkafa da ambaliya ya dawo. Bayan mako biyu Goggo ta sa hannu ta shafa ƙirjin Durgu ta ce, “In ba a ɗauke ƙwan ga ba, wagga ba ta kai ƙarshe.”

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na janye zanar na ɗaga Durgu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinta ya fito har yana sukar hannu. Na miƙa wa Inna ita. Na kwashe ƙwan nan goma sha shida, ƙanana masu tsini da ɗigo-ɗigo, waɗanda da tun farko na leƙa sau ɗaya da na gane ba nata ba ne. Na shimfiɗa dussa a ƙwarya na jera su, na kai ƙofar ɗakin Baffa na ajiye. Ban fasa ko ɗaya ba, kuma har yau ina jin haushin wannan ladabin nawa.

Ya dawo ya gani, ya ɗauko ƙwaryar ya shigo sashenmu da rigar Juma'arsa, Baba na biye da shi.

“Wa yay yi wanga aiki?”

“Ni ta, Baffa. Kazata ta. Ina ƙwanta goma sha ɗaya?”

Ya dube ni, sai ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba, wannan ne ma abin takaicin. Dariyar wanda yaro ya ba shi mamaki ce.

“Ƙwanta? Wanda kinka ci da yaji hwa, na wa kika tsammani? Har na babanki kinka haɗa, an hwaɗa mani.”

Na tuna kwanon, na tuna yadda na lashe yajin, na tuna Baba da ciwon cikinsa na ƙarya. Na zaga bayan ɗaki na yi ta kakari, babu abin da ya fito, wata ɗaya da rabi ya wuce. Ina jin Baffa yana cewa ba komai, ƙwan bai huce ba, akwai wata kazarsa da ta fara kwanci jiya. Ashe ma yana da inda zai sa.

Durgu kuwa mun makara. Inna ta jiƙa mata gero, ta ɗura mata ruwa da cokali. Da muka sake ta sai ta ja jiki, tana tafiya tana faɗuwa, ta koma cikin tulun da babu komai ta kwanta. Na ji haushinta ita ma, na ce mata wawuya, ina kuka na ɗauko ta. Da safe ta kasa ɗaga kai.

Baffa ya shigo da wuƙa. “A yanka kahin ta yi mushe, kak a yi hasara.”

Na ƙanƙame ta. Inna ta dafa ni ta ce a hankali, “Sake ta, wahala takai.” Sai Baba ya tashi ya miƙa hannu ya ce, “Yaya, kawo.” A iya zamanmu a gidan nan, wuƙar nan ce abu ɗaya tak da na ga Baba ya karɓe daga hannun yayansa. Ya kai ta bayan rumbu inda layukan gawayina suke, ya yi bisimilla. Ya daɗe bai fito ba.

Inna ta ce ba da tukunyarta ba. Matar Baffa ta fige ta dafa, tana mita wai duk ƙashi ne, ba ta ga abin da za a raba ba. Aka ba Baffa ƙundu kamar yadda ake ba kowane maigida. Aka aiko mana da namu a kwano, Inna ta mayar da shi ko murfin ba ta ɗaga ba, abin da aka yi wata guda ana maganarsa a gidan. Gyaɗar la'asar kuwa Baba ya daina saye. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban taɓa ce masa na yafe ba, haka muka bar maganar har ya bar duniya.

Da kaka, bayan an yanke shinkafa, muka sami gida kusa da makaranta. Ranar tashinmu zabin Durgu sun girma, suna jere a kan rumbu suna ta surutu. Goma sha biyu suka rayu. Na je yi wa Baffa sallama don Inna ta ce dole. Ya sa mini albarka, ya nuna su da sanda, fuskarsa cike da jin daɗi.

“Kin gan su? Kazarki ta yi ƙoƙari. In Bahillatar ga ta sake ba ki durgu, ki kawo ta nan. Irinsu sun iya kwanci.”

Yabo yake yi, har zuciyarsa. Na dube shi, na tashi ban ce amin ba.

Yanzu ina da kaji a bayan gidana, kowace da sunanta, jikokina sun san ba a yanka su. Duk wanda ya zo mini zai fara kiwo, nakan gaya masa na ruwa da na tsaki da na toka, sannan in ce: kazarka in ta kwanta, ɗaga ta ka duba da idonka, hannu ba ya ɓata ƙwai, kuma kwanci ɗaya ya ishe ta. Dafaffen ƙwai kuwa, ko a gidan biki aka sa mini a faranti, na kusa da ni nake miƙa wa.